Kiɗan Maimaici na Steve Reich da Zamansa a Ghana

Daga cikin masu tsara kiɗa na Amurka da suka kauce wa tafarkin Turai a shekarun 1960, babu wanda ya kamata ɗalibin Afirka ya sani kamar Steve Reich, wanda aka haifa a birnin Niyok a 1936. Kiɗansa na 'yan makaɗa kaɗan ne, kuma an gina shi bisa taƙaitawa, watau a ɗauki gajeren salo guda a yi ta maimaita shi yana sauyawa sannu a hankali.

Dabarar ta samo asali ne daga na'ura. A 1965 ya ɗora muryar wani mai wa'azin titi na San Faransisko a kan rakoda biyu, ya kunna su tare. Da yake gudunsu bai zo daidai ba, sai ɗaya ta riƙa tsere wa ɗaya, har maganar ta narke ta koma kiɗa. A 1967 ya mayar da wannan ga hannun mutane cikin Piano Phase: makaɗa biyu suna buga sauti goma sha biyu iri ɗaya, ɗayan ya ɗan ƙara sauri har ya wuce abokinsa da sauti guda, sa'an nan ya tsaya. Duk wanda ya taɓa kasa kunne ga mata suna lugude ya san yadda taɓarya biyu kan haifi amon da babu wadda ta buga shi ita kaɗai. To, abin da Reich yake farauta ke nan.

A 1970 ya je Jami'ar Ghana da ke Legon, ya yi mako biyar yana koyon kiɗan Ewe a hannun Gideon Alorwoyie, kafin zazzaɓin cizon sauro ya kore shi gida. Bayan komawarsa ya kammala Drumming a 1971, kashi huɗu a kan salo guda tak, wanda kan ɗauki kimanin awa guda.

A nan ne masana suka rabu. Reich ya nuna cewa Ghana ta tabbatar masa da abin da ya riga ya gano ne, kuma tsari ya koya, bai kwaikwayi amo ba. Hujjar tana da ƙarfi, domin Piano Phase ta riga tafiyar. Amma ba ta kashe magana ba. A wurin Ewe, ganga da waƙa da rawa ba su rabuwa, kuma kiɗan mallakar jama'a ne. A zauren Niyok kuwa mutane na zaune shiru, sunan mutum guda ne a kan takarda.