Taya Ɗaya Sabuwa, Uku Tsofaffi

A hanyar da ta taso daga Kunya ta ratsa Kanya Babba zuwa Babura, ba wuya ƙusa ko tsinin ƙarfe ya yaga wa mutum taya. In yagar a gefe take, faci ba ya riƙewa, sai canji. Abin da aka saba shi ne a sayi guda ɗaya, sabuwa ko ta Beljiyam, a ɗaura a wuce. Ga mai Golf ko Sharon, wannan da sauƙi. Ga mai RAV4, Highlander, CR-V, Lexus RX ko Prado, wadda injinta ke tura ƙafa huɗu, arahar nan tana iya komawa tsada.

A irin waɗannan motoci tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke da juna. Akwai furofela da ke kai ƙarfin inji baya, akwai kuma na'ura a tsakani mai raba ƙarfin. Idan ta ga wata ƙafa ta fi sauran saurin juyawa, sai ta ɗauka santsi ne ko yashi, ta kama, ta tura ƙarfi wajen masu riƙe da ƙasa. Shi ya sa motar ke fita daga rairayin da ƙaramar mota za ta kafe. Sai dai an yi ta ne don aikin ɗan lokaci: kwana, taɓo, yashi, sannan ta huta.

To ga inda gizo ke saƙar. Tsohuwar taya ta fi sabuwa ƙanƙanta, ko da lambarsu ɗaya. Ɗauki 225/65 R17, wadda ke ƙarƙashin RAV4 da CR-V da yawa. Sabuwarta tana da zane mai zurfin kusan milimita 8, kewayenta kuwa kusan milimita 2,275, wato tana juyawa sau 440 a kowace kilomita. Wadda ta cinye milimita 5 na zanenta, kewayenta ya ragu da milimita 31, sai ta juya kusan sau 446 kafin ta ci wannan kilomitar. Juyi shida, kamar ba komai. Amma a tafiyar kilomita 100 ya zama 600, kuma na'urar nan ce ke shanye bambancin, a miƙaƙƙiyar kwalta inda ya kamata ta huta. Duk manomin da ya taɓa haɗa sa mai dogon taku da gajere a garma ɗaya ya san karkiya ce ke jin jiki. Mai ya yi zafi ya tsinke, faifan kuloci su cinye, wata rana a fara jin gurnani a ƙarƙashi ko mota tana tirjewa in an karya sitiyari gaba ɗaya. Kamfanin Subaru, wanda kusan duk motocinsa masu ƙafa huɗu ne, ya ƙayyade kada bambancin kewayen tayoyi ya wuce rubu'in inci, kimanin milimita 6. Misalinmu ya ninka haka sau biyar.

Ya fi muni idan lambar ma ta bambanta. Mai faci zai ce, "Alhaji, 235 ce a hannu, amma za ta hau." Hawa kam za ta hau. Sai dai 235/65 ta ɗara 225/65 tsayi da milimita 13.

Ba duk jif ce abin ya shafa ba. Highlander da RAV4 da yawa da ake shigowa da su daga Amurka ƙafar gaba kaɗai ke ja. A duba bayan mota ko akwai haruffan AWD ko 4WD, ko a leƙa ƙarƙashi a ga ko furofela ta tafi baya. Hilux kuma mai giyar taimako ce, a kwalta ƙafar baya ke ja, gaba sai an saka. Ita matsalarta tana tasowa ne in an saka taimakon a ƙasa mai tauri.

Masu ƙera motocin suna cewa a canja huɗun gaba ɗaya. Gaskiya suka faɗa, amma ba aljihunmu suka duba ba. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Ikeja a 2008, tayar ƙaramar mota daga waje take zuwa, farashinta na bin dala. Shi ya sa ta Beljiyam ta cika kasuwa, duk da tana cikin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su.

A ganina, abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne awo. Idan ukun da suka rage ba su daɗe da hawa ba, sabuwa ɗaya mai lamba ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya ta wadatar. Idan sun ci rabi, taya mai ɗan amfani wadda ta yi daidai da su ta fi wa motar sabuwa fil, matuƙar lafiyarta ƙalau. A Amurka har aske sabuwar taya ake yi da inji don ta daidaita da 'yan'uwanta. Mu da ba mu da wannan, tef ɗin tela ya isa: a ba su iska daidai, a ɗaga mota da jak, a zagaya tsakiyar kowace taya, a rubuta. A kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen taya. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, kuma zafin bazararmu ba ya raga wa tsohuwar roba.

In biyu za a iya saya, a sa su a layi ɗaya, kuma masu ƙera taya sun fi son sababbin su koma baya, don kada bayan mota ya zame a damina. Juya tayoyi gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 yana sa su cinye tare. 'Yar siririyar safaya kuwa ta kai mutum wurin mai faci ce kawai, ba a wuce gudun 80 da ita.

Wasu kanikawa, in gurnanin ya fara, sai su kwance furofela su jefa a but, su ce an huta. Ƙarar takan ɗauke. Amma daga ranar motar ta koma mai ƙafa biyu, kuma mai ita zai gane haka ne ran da ya sauka daga kwalta ya nufi ƙauyukan Gwiwa ko Roni.