Yaranmu Da Darasin Kisan Ƙare Dangi

Ran 27 ga Janairu 1945 ne sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga sansanin gwale-gwale na Auschwitz a ƙasar Folan, inda 'yan Nazi suka hallaka mutum wajen miliyan 1 da dubu 100, mafi yawansu Yahudawa. A 2005, lokacin Kofi Annan ɗan ƙasar nan tamu ta Gana yana babban sakatare, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wannan rana don tunawa, ta kuma roƙi ƙasashe su koya wa yaransu labarin. To jama'a, nan fa maganar ta faɗo kanmu, mu masu riƙe da alli.

Abin da muka lura shi ne, adadi shi kaɗai ba ya shiga zuciyar yaro. Zai haddace cewa an kashe Yahudawa miliyan 6 kamar yadda ya haddace bakwai sau takwas, ya zuba a takardar jarrabawa, ya wuce. Abin da ya kamata ya gane shi ne yadda aka taka a hankali har aka kai can. An buɗe sansanin Dachau tun 1933, don 'yan adawa ma aka fara yin sa. A 1935 aka yi dokar da ta raba Yahudawa da 'yancin zama 'yan ƙasa. A 1941 aka tilasta musu liƙa tauraro rawaya a riga. Duk wannan a idon maƙwabta aka yi shi.

Idan yara suka ce ai wannan na Turawa ne, sai mu kai su Ruwanda. Daga 7 ga Afrilu 1994, cikin kwana ɗari, aka kashe mutum kimanin dubu 800, galibinsu Tutsi, da yawa da adda. Katin shaida mai ɗauke da ƙabilar mutum, wanda Beljiyam ta shigo da shi zamanin mulkin mallaka, shi ake dubawa a shingen hanya. Gidan rediyon RTLM kuwa kyankyasai yake kiran su dare da rana. Abin da ya fi ɗaga mana hankali mu malamai, waɗanda suka tsira sun sha ba da labarin yadda tun kafin nan malami kan ce Tutsi su miƙe tsaye a aji a ƙirga su.

Akwai namu a cikin labarin. Da Majalisar ta janye yawancin dakarunta, sojojin Gana ƙarƙashin Birgediya Henry Anyidoho suka tsaya a Kigali, suka ceci rayuka masu yawa. Musulmin ƙasar ma da dama sun ɓoye maƙwabtansu. Amma kada mu yi wa yara rabin gaskiya: Hassan Ngeze, editan jaridar Kangura mai hura wutar ƙiyayya, Musulmi ne, kotun Arusha kuma ta ɗaure shi.

Wasu iyaye a zango kan ce me ya sa za a tsorata yara. Suna da gaskiyarsu ta wani gefen. Ba ma goyon bayan a nuna wa ɗan firamare hotunan gawarwaki, balle a raba aji biyu a ce wai ana kwaikwayo. Amma ɗan sakandare ya isa ya ji. Mu da kakanninmu suka ga dokar korar baƙi ta 1969, aka riƙa tambayar takarda ga wanda aka binne cibiyarsa a Kumasi, mun san nauyin kalmar "baƙo". Wancan ba kisan ƙare dangi ba ne, kada a haɗa su, sai dai yaron zango ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane ma'anar katin nan na Ruwanda.

Labarin da ya fi sa aji yin tsit shi ne na makarantar sakandare ta Nyange. A daren 18 ga Maris 1997 'yan bindiga suka shiga, suka umarci ɗalibai su ware, Hutu gefe guda, Tutsi gefe guda. Yaran suka ƙi, suka ce su duka 'yan Ruwanda ne. Aka buɗe musu wuta, shida suka mutu a daren. Ruwanda ta sa su cikin jaruman ƙasa da take tunawa da su kowace 1 ga Fabrairu.