Shuɗi Suna Ya Tara: Zaɓen Fenti A Suleja

Daga Wakilinmu Na Arewa

SULEJA gari ne wanda gini ba ya ƙarewa a cikinsa. Tun daga 1991, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta taso daga Ikko ta tare a Abuja, ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda tsadar haya ta hana su zama a babban birnin suke ta kwararowa nan. Duk inda mutum ya bi, ko Kwamba, ko Maje, ko Madalla gindin Dutsen Zuma, zai ga ana ɗora bulo, ana kafa ƙofofi, kafintoci kuma sun jera gadaje da kabad a bakin titi. Abin da ke biyo bayan wannan duka shi ne fenti, cikin launukan da ke jan idon mai saye kuwa har da shuɗi.

To, amma shuɗi suna ya tara. Akwai mai haske irin na sararin samaniya, akwai ruwan bula, akwai wanda mata ke kira ruwan omo, akwai mai ratsin kore, akwai kuma mai duhu wanda in ba a rana aka gan shi ba sai a rantse baƙi ne. Mutum ya shiga kanti a Kasuwar IBB ya ce a ba shi shuɗi, daidai yake da wanda ya je mahauta ya ce a ba shi nama, bai faɗi ko na sa ko na akuya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Uban amarya da ya tara kuɗin gado da kabad da madubi, in aka kawo kayan ranar jere aka tarar kowanne da irin nasa shuɗin, to ya ba 'yan jere abin faɗi na shekara guda. Mai gidan haya kuma da ya shafe ɗakuna shida da launin da ya koɗe kafin damina ta fita, sai ya sake biyan kuɗin fenti da na mai fenti. Tushen ɓarnar kusan kullum ɗaya ne, watau mutum ya zaɓi launi a kan murfin gwangwani, alhali ba a kan murfin zai zauna da shi ba.

Mutanen garin nan ba baƙin shuɗi ba ne. Hausawan Zazzau ne suka kafa shi a 1828 a ƙarƙashin Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja, aka kuma riƙa kiransa Abuja har lokacin da ya bar wa sabon babban birni sunan bayan dokar 1976, ya ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Saƙa da rini da baba suna cikin tsofaffin sana'o'insa, kamar yadda suke a Kano, inda karofin Ƙofar Mata yake aiki har yanzu. Saboda darajar tufafin da suka sha shuni ne ma har gobe ake ce wa attajirai masu hannu da shuni.

Akwai darasi a wurin marina. In aka tsamo zane daga cikin karofi, da kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sa'an nan ya juye shuɗi. Yawan tsomawa kuma shi ke kawo duhu: tsomi kaɗan ya ba da mai haske, tsomi da yawa ya kai ga turkuɗi. Don haka marini ba ya yanke hukunci a kan jiƙaƙƙen zane. Haka fenti yake. Fentin ruwa yakan ƙara duhu bayan ya bushe, shafi na biyu kuma yakan fi na farko cika. Bugu da ƙari, launin da aka gani a ɗan katin da bai wuce faɗin akwatin ashana ba, in ya mamaye bango ko jikin kabad sai ya fi ƙarfi a ido.

Abu na biyu shi ne haske. Shuɗi ya fi yawancin launuka sauya fuska. Wanda ya yi kyau da hantsi a ƙofar kanti, in aka shigar da shi ɗaki mai ƙaramar taga ɗaya sai ya dushe. A ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa, ko fitilar kananzir, yakan koma kamar ruwan toka, farin ƙwai irin na zamani kuwa yakan fito da shi sosai. Fentin mai ma yana da tasa halayyar: in ya daɗe a wurin da ba ya samun rana yakan ɗan yi rawaya, shi ya sa kabad mai launin sararin samaniya kan wayi gari da ratsin kore bayan 'yan shekaru.

Abu na uku shi ne garin launin da aka dama fentin da shi, domin ba daga tushe ɗaya shuɗɗan suka fito ba. Bular da mata ke sa wa fararen tufafi, asalinta wani dutse ne mai tsada da ake haƙowa a Afganistan. A 1828, shekarar da aka kafa garin nan, wani Bafaranshe mai suna Guimet ya ci kyauta saboda ya gano yadda za a haɗa irinta a masana'anta, daga nan ta yi araha. Bula ba ta tsoron kaifin farar ƙasa, abin da ya sa magabata kan zuba ta cikin farar ƙasa su shafe ɗaki, ta kuwa zauna lafiya. Abin da ke kashe ta shi ne tsami.

Akwai wani kuma mai duhu da aka fara haɗawa a birnin Berlin na Jamus wajen 1706. Shi wannan akasin bula ne, domin in ya haɗu da sabon siminti ko farar ƙasa, masu kaifi irin na kanwa da toka, sai ya ƙone ya koma ruwan ƙasa. Na ukunsu, wanda ya fi su jure rana da ruwa, kamfanin ICI na Ingila ne ya fito da shi kasuwa a 1935 da sunan Monastral, irinsa ne kuma ake sa wa yawancin shuɗin fenti na kirki a yau. Kamfanin CAP mai yin Dulux a Ikeja tushensa daga ICI ɗin nan yake, Berger ma a Ikeja take da masana'anta. Mai saye ba zai iya gane garin launin da ido ba, amma yana iya neman gwangwani mai sunan kamfani, da lambar launi, da lambar haɗi. Fentin da aka dama a bayan kanti aka zuba cikin tsohon bokiti ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, araha kuwa ba ta ado.

Sai kuma yanayin Suleja kansa. Ruwa yakan sauka a nan daga wajen Afrilu har zuwa Oktoba, yana watsa jar ƙasa a gindin bango. Hunturu ya biyo da ƙura, bazara kuma ta zo da zafin rana. Kowane shuɗi da yadda yake ɗaukar waɗannan.

Mai haske ya dace da cikin ɗaki, musamman ƙarami, domin yana mayar da haske yana sa ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi. Amma a waje jar ƙasa kan ɓata shi nan da nan. Wannan ne dalilin da ya sa a makarantu da asibitoci akan shafa mai haske a sama, a sa fentin mai mai duhu daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu, inda za a iya wankewa.

Mai duhu yana da kwarjini a jikin gado ko ƙofar falo, sai dai yana tona asirin ƙura. Kabad mai duhu mai sheƙi, in aka goge shi da safe cikin hunturu, kafin la'asar yaro zai iya rubuta sunansa a kai da yatsa. Yana kuma nuna kowane ƙarce da kowane kuskuren kafinta. A jikin ƙofar ƙarfe mai fuskantar yamma yakan sha rana ya yi zafi fiye da mai haske. Matsakaici, irin ruwan bula mai ɗan ratsin toka, shi ya fi haƙuri da ƙura da hannun yara, saboda haka ya fi dacewa da benci, da tebur, da kantar kwanuka, da tagogi.

Game da kayan amarya, a tuna ba su kaɗai za su zauna a ɗakin ba. Akwai labule, da shimfiɗar gado, da leda ko kafet, da kwanukan jere. In bango shuɗi ne, kabad ma shuɗi, to a bambanta su sosai, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu, domin shuɗi biyu masu kusa da juna kan zama kamar an yi kuskure ne. Bango fari ko ruwan madara kuwa yana karɓar kowane shuɗi. Katako mai kyan jiki irin maɗaci, sau da yawa gara a bar shi da banishi, a ajiye fenti don falanki mai araha da filawud.

Masu kiwo a bayan gari kusa da rafuffuka su ma akwai abin lura. Masana sun tabbatar shuɗi mai ƙarfi yana jawo ƙudan tsando, shi ya sa ake yin tarkonsa da shuɗin ƙyalle da baƙi. Ba shi ne launin da za a shafa wa garken shanu ba.

To, yaya mutum zai yi ya tsira da kuɗinsa? Hanyar ba ta da wuya. A sayi ƙaramin gwangwani tukuna, a shafa sau biyu a kan guntun falanki irin wanda za a yi aikin da shi, a bari ya kwana. Sa'an nan a kai shi ɗakin da kayan za su zauna, a dube shi da safe, da la'asar, da kuma dare a ƙarƙashin fitila. In na amarya ne, a nuna wa iyayenta mata kafin a ci gaba. Gani ya kori ji.

In an tsai da shawara, a sayi abin da zai isa gaba ɗaya, mai lambar haɗi ɗaya, a juye shi cikin bokiti guda a gauraya. Lita ɗaya takan shafe kimanin murabba'in mita 10 a bango mai santsi, watau ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe zai ci wajen galan biyu masu lita 4 in za a yi shafi biyu. Wanda ya sa mai fenti ya haɗa masa fari da shuɗi da ido, in ya ƙare ana tsakiyar aiki, da wuya ya sake samun irinsa. A kuma rage kaɗan a rufe da kyau don gyaran gaba.

Shiri ma rabin aiki ne. Katako ya bushe sarai, a goge shi da samfefa, a sa farin shafin ƙasa kafin a ɗora shuɗin. Ƙarfe a kankare tsatsarsa a sa jan shafin da ke hana tsatsa. Sabon filasta a ba shi kamar mako huɗu ya bushe, domin fentin mai a kan ɗanyen siminti ɓarewa yake yi. Kada a tsinka fenti da kananzir ko ruwa fiye da kima don a ga ya yi auki, launin ne zai raunana. A guji shafi ranar da hadari ya haɗu ko ƙura ta taso.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya fi zaɓen launi muhimmanci. Wasu fentin mai, musamman tsofaffi, suna ɗauke da dalma. Jama'a ba su manta da abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Wancan daga haƙar zinariya ne, amma gubar ɗaya ce, yara ƙanana kuma su ta fi kamawa. Saboda haka gadon jariri da kujerar yara a nemi fentin da aka rubuta ba shi da dalma. In za a kankare tsohon fenti a jiƙa shi tukuna don kada ƙurarsa ta tashi, a kuma kawar da yara da masu juna biyu daga wurin.

Fenti ba ya gyara ruɓaɓɓen katako, ba ya kuma tsai da bangon da ke tsattsafo da ruwa. Amma wanda ya yi haƙurin kwana biyu ya gwada, ya duba a hasken ɗakinsa, ya kuma yi la'akari da damina da hunturun garin nan, zai shekara da shekaru bai sake kiran mai fenti ba. Allah ya sa mu dace.