Yaranmu Masu Koyon Sana'a da Darasin Ingilishi

Da yawa daga cikinmu a Gando muna da yara a makarantun koyon sana'a na Sokode da Dapaong. Yaro zai zo hutu da maki mai kyau a aikin lantarki ko kanikanci, amma in aka duba Ingilishi sai a ga ya yi ƙasa, alhali tun ajin farko na kwaleji yake karanta shi.

In an tambaye shi, amsarsa a shirye take: jarrabawa da Faransanci ake yi, ciniki kuwa Hausa ta wadatar. A nan yana da ɗan gaskiya, domin daga kasuwar Sinkase har Bawku ta Gana, Bahaushe ba ya neman tafinta. Ga kuma tsoron dariyar abokai in harshe ya karkace. Mu da muka yi makarantar allo mun san Larabci ya zauna mana ne saboda kunne yana jin sa dare da rana. Ingilishi kuwa daga an fita aji shi ke nan, sai wani makon. Kuma in darasin bai wuce nahawu ba, bai taɓa ambaton sifana ko batir ba, ina yaro zai ga amfaninsa?

Amfanin yana bayyana ranar da ya tsaya gaban aiki. Littafin da ke zuwa cikin kwalin babur ɗan Sin, da rubutun jikin na'urar wutar sola, da saƙon da na'urar gwajin mota ke nunawa, galibi da Ingilishi suke. Wanda bai iya karantawa ba sai ya yi ta kirdado, wani lokaci ya ƙona kayan mutane, ya biya daga aljihunsa. Ƙasarmu ma ta shiga ƙungiyar Commonwealth a taron Kigali na 2022, tare da Gabon.

A ganinmu faɗa kan maki ba ya kawo gyara. Gara uba ya miƙa wa ɗansa takardar sabuwar fanka ko ta injin ban ruwa, ya ce ya fassara masa da Hausa, ko da layi biyu ne. In ya yi kuskure kada a yi masa dariya a gaban ƙannensa.