Gudummawar Laburaren Kwaleji Wajen Sasanta Al'ummomi: Misali Daga Tambuwal da Kebbe

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda laburaren kwalejin ilimi zai taimaka wajen sasanta zukatan al'ummomin kudancin Jihar Sakkwato. A ƙarni na 19 Tambuwal ribaɗi ce, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna yana tsare iyaka daga Kabawa. Gabar nan ba ta kwanta sosai ba sai a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu.

To amma tarihin da ke laburare ya fi karkata ga ɓangare ɗaya. Malaman jihadi sun bar littattafai irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, alhali labarin Kanta da zuriyarsa galibi a bakin dattawa da maroƙa yake. Saboda haka wajibi ne laburare ya ɗauki muryoyin tsofaffi a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe da rugagen Fulani, ya rubuta su, ya ajiye su daura da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Malamin da ya karanci ɓangarorin biyu ba zai shiga aji ya kira kakannin ɗalibinsa abokan gaba ba.