Kaskon Wuta a Ɗakin Barci: Sahihin Zance da Raunanansa

Idan hunturu ya kankama, iska ta taso daga Sahara ta lulluɓe Kano da Damagaram da hazo, sanyin asuba kuma ya kai ga mutum yana jinkirin taɓa ruwan alwala, babu abin da ya fi soyuwa ga mai iyali kamar ya ga kasko cike da garwashi a tsakar ɗaki, yara sun kewaye shi suna jin ɗumi. Ni ma a bakin irin wannan kasko na tashi, ba na kuwa ƙin sa. Sai dai maganganun da ake yaɗawa a kansa sun cuɗe, sahihi da batili a ƙwarya ɗaya, alhali kuskure a wannan mas'ala yakan ci ran gida guda a dare ɗaya.

Mafi yaɗuwa, kuma mafi hatsari, ita ce maganar da ake yi cewa gawayi in ya ruru ya yi jajir, hayaƙinsa ya ɗauke, to ba shi da sauran illa, ana iya shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa. Wannan batili ce. Duk makamashin da ke ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata iskar guba da masana ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle hawaye. Idan kuwa ta shiga huhu, sai ta riga iskar oksijin kama jini, domin ƙarfin riƙonta ga jini ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Hayaƙin icce, duk da cutarwarsa, yana sa mutum tari da hawaye har ya buɗe ƙofa. Garwashin da ya lafa kuwa yana ci gaba da fitar da gubarsa shiru, mai barci na ƙara nutsewa. Ko a Turai, inda ake gina wa murhu bututun hayaƙi, marubucin Faransa Emile Zola ya rasu a ɗakin kwanansa a Paris a shekarar 1902 saboda bututun murhunsa ya toshe.

Akwai masu kafa hujja da cewa kakanninmu sun kwana da wuta shekara da shekaru ba su mutu ba. A nan akwai gaskiya, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta, amma a dubi ɗakin da suka kwana a ciki: ɗakin ciyawa ne mai jinka, wanda hayaƙi ke ratsawa ya fice ta sama, ƙofarsa asabari ko tufaniya, iska na shiga tana fita dare farai. Ɗakin yau kuwa na bulo ne da siminti, da rufin kwano da silin, da taga mai gilashi da ƙofar ƙarfe, sa'an nan a toshe ƙasan ƙofar da tsumma don kada sanyi ya shigo. Ta'adar ta zauna yadda take, ginin ne ya sauya, shi ya sa ƙiyasin bai inganta ba. Tun kafin wannan ma, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a yi barci.

Wasu dabaru kuma da ake dogara da su ba su da tushe. Kwanon ruwa da ake ajiyewa kusa da kasko zai iya rage bushewar iska, amma ba ya shanye guba, don ita ba ta narkewa cikin ruwa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Hawa gado ba ya tserar da kowa, domin nauyinta kusan daidai yake da na iskar ɗaki, tana gauraya ko'ina. Haka nan fitila tana iya ci lafiya lau a ɗakin da gubarsa ta isa kisa.

Cewa hayaƙi na korar sauro kuma yana kare jinka daga ƙwari, wannan yana da ƙamshin gaskiya, sai dai farashinsa huhun mata da jarirai ne, waɗanda su suka fi daɗewa a bakin murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida tana kashe kimanin mutum miliyan 3 a kowace shekara. Ɗanyen icce da ake yabo wai ya fi daɗewa yana ci, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar tana ɓata ƙarfinta wajen ƙafar da shi, sai zafi kaɗan, hayaƙi da yawa. Busasshen marke ko ƙirya ya fi shi nesa ba kusa ba. Saboda yawan hayaƙin ɗanyen icce ne Ingila ta hana sayar da jiƙaƙƙen icce a ƙananan ɗauri ga masu gidaje tun 2021.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake fassara alamomin. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka wayi gari da ciwon kai da jiri da amai da mutuwar jiki, sai a ce zazzaɓi ne, ko shafar aljanu, ko a tuhumi tuwon jiya da wadda ta tuƙa shi, a ɗora wa baiwar Allah zargin sammu, kasko kuwa yana gefe da tokarsa ba wanda ya dube shi. Manja da madara da ake ɗura wa wanda ya suma ba sa fitar da wannan guba, bal ma suna iya sarƙe shi su gangara huhu. Abin yi shi ne a buɗe ƙofa da taga, a fito da kowa fili nan take, a garzaya asibiti ko da sun farfaɗo, a kuma gaya wa likita cewa an kwana da gawayi, domin oksijin ne maganin gubar, musamman ga mai juna biyu, wadda ɗan cikinta ya fi ta saurin cutuwa. Mai son ɗumi ya ɗumama ɗakin da taga a buɗe, ya fitar da kasko tsakar gida ya kashe shi kafin a kwanta, ya ƙara wa yara bargo.