Ko Ka Sani? Zane Ɗaya, Ma'auni Biyu

Ko ka san zanen nan na Excel da ake haɗa sanduna da layi ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba? Wani mutumin Sikotland, William Playfair, shi ya fito da zanen sanduna a 1786. A 1821 kuma ya zana farashin alkama da sanduna, ladan ma'aikaci na mako da layi, duk a takarda ɗaya.

A ce kana sayar da masara a kasuwar Arzeke ta Parakou, ɗanka na rubuta maka lissafi a kwamfuta. A wata ka sayar da buhu 40, kowane buhu sefa 20,000. In ya ɗora adadin buhuna da farashi a ma'auni ɗaya, layin farashi zai tashi can sama, sandunan buhuna su kwanta a ƙasa kamar tabarma, ko ganinsu ba za ka yi ba. Ina 40 ina 20,000? Maganin shi ne a ba kowa nasa ma'aunin: buhuna a hagu, kuɗi a dama. A Excel na Faransanci, wanda aka fi amfani da shi a Benin, sai ya zaɓi lissafin, ya shiga "Insertion", ya ɗauki "Graphique combiné", ya sa alama a "Axe secondaire" a gaban farashi. Shi ke nan.

Yaran Zango da suka zauna ajin labarin ƙasa sun san irinsa a zanen ruwan sama da zafi. Masana biyu na Faransa, Bagnouls da Gaussen, suka kafa masa ƙa'ida a 1953: ma'aunin ruwa ya ninka na zafi, wato digiri 30 ya yi daidai da milimita 60. Duk watan da sandar ruwa ta gaza kai layin zafi, watan rani ne. Zana na Parakou ko Djougou ka gani. Disamba da Janairu, lokacin hunturu, sanda kamar babu ita. Agusta da Satumba kuwa ta yi wa layin zarra, har ka ɗaga kai.

A ganina, wannan ƙa'idar ita ce ta sa zanen yanayi ke faɗin gaskiya, domin ba wanda ke taɓa ma'aunin yadda ransa ya so. Zanen kasuwa ba shi da wannan linzami. Excel kan zaɓi ma'aunin da kansa, mai zane kuma yana iya sauya shi. In aka fara ma'aunin dama daga 19,000, ƙarin sefa 500 sai ya zama tsauni, mai kallo ya ɗauka kasuwa ta kama da wuta. Inda layin farashi ya ratsa sandar buhuna kuwa ba ya nufin komai, tunda ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

Saboda haka in wani ya miƙo maka irin wannan zane a waya, ko mai neman ku haɗa jari ne ko jami'in wata ƙungiya, kada launi ya ɗauke maka hankali. Duba lambar da ke gindin ma'aunin hagu da ta dama tukuna, ka ga daga nawa kowanne ya fara.